Yaya zan riƙe amshi a MPC 1000 har a gama liƙi?

Ɗan Agege:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu na'urar haɗa kiɗa ta MPC 1000 ku taimaka min. Na sayi tawa kwance a kasuwar Alaba ta Legas wata uku kenan, kuma na iya jera sikwens, wato guntayen kiɗa, a SONG, sashen da ake haɗa su su zama waƙa, gabatarwa, baiti, amshi, baiti, haka dai. Matsalata a wajen biki take. Ranar Asabar muna kamu, amarya ta shigo fili ƙawaye sun fara liƙi kenan amshin ya ƙare na'ura ta wuce baiti na gaba, kafin ka ce me waƙa ta mutu gaba ɗaya, wata gwaggon amarya da kuɗinta a hannu tana hararata wallahi kamar in nutse. Na danna maɓallin PLAY START ta koma tun farko. Akwai yadda zan sa ta tsaya a amshi sai na ce ta wuce?

Baba Sauti Idi-Araba:
Wa alaikas salam ƙanena. Akwai mana, kuma a gabanka yake. Ka riƙe MODE ka buga fad (maɓallin bugawa) na 16 ka shiga SONG, kowane mataki akwai wurin da aka rubuta Reps, wato sau nawa zai maimaita, daga 1 zuwa 99. To ka kai kan matakin amshin ka juya wilin canza lamba har ka ga HOLD. Shikenan zai yi ta zagayawa ko da liƙin zai kai la'asar. In ka ga fili ya fara sakewa sai ka danna NEXT, ita kuma za ta bari zagayen ya cika tukun sannan ta wuce, babu wanda zai ji an yanke. Maɓallin SUDDEN kuwa nan take yake tsallakewa ko a tsakiyar kiɗa ne, ni ba na taɓa shi a biki sai dole, don yana karya wa masu rawa ƙafa. Sannan ka kula kar ka bar Reps a 0, nan waƙar za ta tsaya.

Batun komawa farko kuma aikin PLAY START kenan ai. PLAY zalla shi ke ci gaba daga inda ka tsaya.

Mai Kalangu:
Baba ya faɗi gaskiya amma ni fa na daina amfani da SONG a fili tuntuni. Biki ba ya bin tsari, yanzu MC zai ce dangin ango su fito, yanzu a ce a dakata za a yi addu'a. NEXT SEQ nake shiga, inda zan zaɓi sikwens ɗin da zai biyo baya da hannuna, in mai waƙa zai yi kirari in shiga TRACK MUTE in kashe komai in bar kalangu kaɗai yana tafiya a ƙasa. SONG sai in zan ɗauki aiki a situdiyo.

Baba Sauti Idi-Araba:
Mai Kalangu, kai ka shekara nawa kana bugawa? Yaron nan wata uku ne, ga miksa ga makirufo a hannunsa, ka bar shi da HOLD tukun. Ɗan Agege in ka samu hali ka sayi abin takawa na ƙafa irin na masu fiyano, na'urar tana da ramuka biyu na sa shi, ka ɗora NEXT a ɗaya STOP a ɗaya, hannunka ya huta.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri Baba, na gwada yanzu ya yi! Ina cikin murna aka ɗauke wuta, duk abin da na jera ya tafi.

Mai Kalangu:
Hhhh sannu. Ba ta riƙe abin da ka jera in an kashe ta, sai in ka adana shi, misali a katin ajiya na CF. Ka sake jerawa ka adana kafin ka tada janareta, kuma ranar biki kar ka yarda ka jona ta layi ɗaya da masu firiza.