Neman shawara: ƙwan shanun da nake zuƙowa daga mayanka ba sa ci gaba, ko girman folikul ne?

Ɗan aji biyar: Assalamu alaikum manyanmu. Furojet ɗina a kan nunar da ƙwan saniya ne a lab. Da asuba nake zuwa mayanka in karɓo gidan ƙwai na shanun da aka yanka, yawanci bunaji da bokolo, in sa a filas da ruwan gishiri mai ɗumi, in na dawo sai in zuƙe 'yan kumburin nan masu ruwa wato folikul da sirinji, manya da ƙanana duk kwano ɗaya. Bayan awa 24 a inkubeta da yawa suna nuna, amma in an haɗa da maniyyi kaɗan ne ke ci gaba. An ce min na ƙananan folikul ne matsalar, ni kuma a maikirosikof kusan iri ɗaya nake ganinsu. Don Allah me ke canzawa a cikin ƙwan in folikul na girma, kuma daga wane girma zan riƙa ɗiba?

Malamar jami'a: Wa alaikumus salam ɗana. Wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya. Tun 'yar maraƙa na cikin uwarta aka gama ƙirƙirar ƙwanta, kowanne ya fara rabuwar kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, ya tsaya cak a matakin farko, haka zai zauna shekaru. A lokacin faɗinsa wajen mikiron 30 ne kawai (mikiron 1000 ne milimita ɗaya). In folikul ya farka sai ƙwan ya shiga tara kaya har ya kai wajen mikiron 120, kuma wannan tarin shi ne komai. Mitokondiriya da ke ba shi ƙarfi suna ninkuwa sosai su canza siffa su koma gefe, ɗigon kitse yana ƙaruwa shi ya sa ƙwan saniya yake da duhu ba kamar na ɓera ba, ɓawon nan zona felusida yana fitowa a mataki na biyu na girman folikul tare da 'yan ƙwayoyin kotikal waɗanda daga baya su ne za su rufe ƙofa kada maniyyi na biyu ya shiga. Sannan nukiliyas, wato cibiyar ƙwan, yana ta rubuta RNA, saƙon da ake haɗa furotin da shi, yana ajiyewa, sai ƙwai ya kai wajen mikiron 110, lokacin folikul na kusan milimita 3, aikin yake lafawa. Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda bayan haɗuwa da maniyyi ɗan tayin saniya ba ya fara aiki da nasa kwayoyin halitta sosai sai ya kai sel 8 zuwa 16, kafin nan guzurin da uwa ta zuba a ƙwai yake ci. In ka zuƙo shi bai gama haɗa guzuri ba zai iya rabuwa sau biyu uku ya maƙale a hanya.

Ɗan aji biyar: Na gode Malama, Allah ya ƙara sani. Amma ai ina ganin ɗan dunƙulen nan da ƙwai ke fitarwa in ya raba kuromosom ɗinsa ya fito a gefe, ba shi ne alamar ya nuna ba?

Malamar jami'a: Alamar nukiliyas ya nuna ke nan, bai gaya maka halin da sauran cikin ke ciki ba. A jikin saniya bayan homon LH, wato sinadarin da ke sa folikul ya fashe ya saki ƙwai, ya tashi ƙwayoyin kotikal ɗin suna bajewa su yi layi ƙarƙashin fatar ƙwai, mitokondiriya su watsu ciki. A kwano sau da yawa wannan ba ya kammala.

Oga na lab: Ƙanena ka raba kwanonka kawai, ƙasa da milimita 3 daban, 3 zuwa 6 daban, sama da 6 daban, allura lamba 18, kai da kanka za ka ga bambanci kuma furojet ɗin ma ya fi armashi. Ka zaɓi masu sel ɗin kumulus, wato ƙananan sel da ke kewaye ƙwai, lulluɓe da su aƙalla layi uku, tsirara ka bar su, ta nan ƙwai ke samun abinci. Inkubeta zafin digiri 38.5 da iskar kabon kashi 5. Kuma kar ka karaya, ko a manyan lab wajen kashi 30 zuwa 40 ne ke kai kwana 7 lafiya.

Mai kiwo: Salam likitoci, ni ba boko sosai ba amma ina bi. Shanunmu in suka sha wuyar rani ko damina ta faɗi suka yi ƙiba ba sa ɗaukar ciki da wuri, ko wannan ne?

Malamar jami'a: Yana daga ciki Alhaji. Folikul yana ɗaukar watanni yana girma, daga fara tara ruwa zuwa fashewa kaɗai wajen kwana 40 ne, don haka ƙwan da ya fito farkon damina a cikin yunwa da zafin bazara ya tara kayansa. Ka fara ba su harawa, dusa da ƙuli tun Maris, kar ka jira sai sun rame. Kai kuma ɗana ka riƙa rubuta watan da ka ɗebo kowane samfuri da ƙibar saniyar kafin a yanka.