Ciyawar da ta fi mutum tsayi a hamada: da gaske ambaliya ce ke raya ta?

Ɗalibar Tsirrai:
Assalamu alaikum. An ba mu aiki a kan wata ciyawa da ake kira sakaton, Sporobolus wrightii, wadda ke fitowa a kwarurrukan hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko. Na ga hotonta, tsibi-tsibi kamar gamba, tsayinta har mita 2, alhali tudun da ke gefenta daga tsakuwa sai ƙaya. Malaminmu ya ce ambaliya ce abincinta. Abin ya ɗaure mini kai, ni na san ambaliya da tuge shuka. Sannan na karanta cewa abin da ya rage bai kai kashi 5 cikin 100 na filin da ta rufe a da ba. In ruwan sama bai daina zuwa ba, me ya cinye ta?

Malam Mai Fadama:
Wa alaikumus salam, 'yata. Gaskiyar malaminku, sai dai ambaliya iri-iri ce. Na taɓa shiga filin sakaton a kwarin kogin San Pedro a jihar Arizona, kwana biyu bayan ruwan watan Agusta. Abin da ba na mantawa shi ne ƙasan ciyawar. Kowane gindi zaman kansa yake, kaurinsa ya fi ƙarfin runguma, tsakaninsa da na kusa akwai 'yar hanya. A bayan kowane gindi laka ce sabuwa, da karmami da kashin dabbobi da ruwa ya kwaso ya ajiye. Ruwan da ya gangaro daga tudu a guje, da ya shigo sai ya rarrabu cikin waɗannan hanyoyi, ya yi sanyi, ya sauke kayansa, ya nitse. Ciyawar ta kwanta ta ba shi hanya, bayan 'yan kwanaki ta miƙe. Ruwan da ya sauka a faɗin tuddai ne take sha a ɗan kwarinta, shi ya sa take yin tsayin da ruwan saman wurin kaɗai ba zai ba ta ba.

Rani kuma da ruwan ƙarƙashin ƙasa take cinye shi. Inda ruwan bai wuce zurfin kamar mita 4 ba, saiwarta na kai masa, a nan za ki ga ta yi duhu ta haɗe. Inda ya fi haka nisa sai ta gajarce ta yi tsilla-tsilla.

Abin da ya cinye ta kwazazzabo ne. Daga shekarun 1880 aka cika kwarurrukan nan da shanu, ga hanyoyin amalanke da magudanan da manoma suka haƙa. Fari ya zo daga 1891 zuwa 1893, shanu suka cinye ciyawa har gindi kafin su ma su mutu da yawa. Da manyan ruwa suka dawo sai suka sami hanya ɗaya miƙaƙƙiya, suka yi ta ƙwaƙularta har ta zama rami mai zurfin mitoci. Daga nan ruwa ya daina hawa fili, sai ya wuce ta cikin ramin, ramin kuma ya riƙa tsotse ruwan ƙasan gefensa. Masana na ja-in-ja a kan ko kiwo ne ya fi laifi ko sauyin yanayin ruwan sama. Ni dai ina ganin yanayi ya kawo ruwan, mutum ne ya buɗe masa ƙofa. Wasu filayen kuma nome su aka yi, don ƙasarsu mai kyau ce.

Ɗan Makiyaya:
Malam, Allah ya ƙara sani. Amma in ta tsufa ai ta yi ƙarfi, dabba ba ta cin ta. Na ji masu shanu a can kan sa mata wuta a ƙarshen sanyi don ta yi sabon toho. Tunda gindin ba ya mutuwa, ni ban ga aibin haka ba.

Malam Mai Fadama:
Toho kam tana yi, shanu kuma na son sa. Amma ka duba lokacin. An ƙone ta, sai watannin zafi da bushewa su biyo baya kafin ruwa ya sauka a Yuli. Busasshen ganyen da kake gani kamar banza shi ke yi wa gindin inuwa, shi ne kuma ke tare ruwan farko. In ruwa ya tarar da fili a aske ga shanu sun tattake tohon, laka ba ta zama. Takan ɗauki shekaru kafin ta koma yadda take. Akwai kuma masu zama a cikinta: wani ɗan tsuntsu, gwaran Botteri, a gindinta yake sheƙa, aladun dajin yankin ma a ciki suke fakewa da rana. Ban ce kada a ƙona ba, amma ba kowace shekara ba, ba kuma duk filin a lokaci guda ba.

Ɗalibar Tsirrai:
Na gode ƙwarai, Malam, yanzu na gane. Saura ɗaya: in aka kwashe shanun, za ta dawo da kanta?

Malam Mai Fadama:
Inda ruwa ke iya hawa fili, tana dawowa, ko da sannu ne. Har a cikin tsofaffin kwazazzaban da suka faɗaɗa suka fara cika da laka ana ganinta tana kafa sabon gindi. A saman gaɓa ne abin ya yi wuya, don bishiyar meskit ta riga ta karɓe wurin, ita kuwa an taɓa samun saiwarta a zurfin fiye da mita 50, janyewar ruwa ba ta dame ta ba. Irin sakaton ƙanana ne ƙwarai, suna son ƙasa ta jima da danshi a lokacin zafi kafin tsiron ya kama. Shi ya sa masu gyaran irin wuraren nan kan fara da jera duwatsu a ƙananan magudanai don laka ta taru, sannan su dasa wadda aka rena a leda. A aikinki ki zana kwarin sau biyu, kafin kwazazzabo da bayansa, ki ja layin ruwan ƙasa a kowanne.