Jinin da ya fashe, a gwada haka ko a sake ɗiba?

Sista: Salam jama'a, yau raina ya ɓaci wallahi, mun tura jinin wani dattijo lab a duba mana beta-glucan, wani sinadari da ke jikin fangas, don ana zargin fangas ya shiga jininsa, sai ga shi an dawo da shi wai ya fashe, wato jajayen ƙwayoyin jinin sun farfashe, a sake ɗiba, bawan Allahn da sai da na soke shi sau uku kafin na samu jijiya. Jini ai jini ne, lalaci ne kawai.

Oga Lab: Haba Sista. Gwajin nan fa launi injin yake karantawa, ana haɗa ruwan jinin da sinadarin da ake cirowa daga jinin wata halittar teku mai kama da kaguwa, in akwai glucan sai ya koma rawaya. To ruwan da ya riga ya yi ja kamar zoɓo me injin zai gani? Haka na mai ciwon shawara, haka wanda kitse ya sa ya yi fari kamar nono. In sakamakon ya nuna ƙasa da 60 babu, 80 zuwa sama akwai, tazarar fa ba yawa.

Ɗan koyo: Amma Oga ai gwajin CrAg da jinin yatsa ma muna yi kuma lafiya lau

Oga Lab: Wannan na wani nau'in fangas ne mai suna Cryptococcus, tsinken gwaji ne mai nuna layi, hanyarsa daban. Shi matsalarsa in cutar ta yi yawa sosai layin kan dusashe ka ɗauka babu, sai ka tsarma ka maimaita.

Dokta: Ni ban goyi bayan kowa ba. Ko jinin ya fito garau, wanda aka ƙara wa albumin (wani furotin na jini da ake ƙarawa ta jijiya) ko aka cusa masa gos, wato ƙyallen tsane jini, wajen tiyata zai iya nuna akwai alhali babu, kuma ba wanda yake rubuta wannan a fom.

Oga Lab: Allah ya biya ka Dokta. Sannan Sista ku daina danna jini ta bakin allura cikin kwalba, ku daina girgiza shi kamar fura.

Sista: Au mu ne ma masu laifin? Jinin da nake kaiwa ƙarfe tara ya zauna kan benci cikin zafin nan har azahar ba a juya shi a injin raba jini ba wai ba wuta? Gobe ka hau sama da kanka ka nemo jijiyar baban nan.

Oga Lab: Gado na nawa ne?