Sashen manya a jirgin ruwan shaƙatawa: ya cancanci kuɗinsa ga dattawa irin namu?

Mai_Riɗi_Maigatari

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar manyan jiragen ruwan nan masu benaye, waɗanda ake kwana a ciki ana yawo daga gari zuwa gari.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a Jidda. Ta daɗe tana burin kai Baba da Inna Umara, to bana Allah ya nufa, da zarar na sallami riɗi da zoɓon da ke hannuna. Sai ta ƙaro da wata: wai in sun gama ibada za ta hau da su Aroya, jirgin ruwan nan na Saudiyya, su yi 'yan kwanaki a Bahar Maliya. Mijinta kuma ya fi son a bi ta Dubai a hau jirgin kamfanin MSC. Ni ba zan je ba, lokacin ciniki ne, kasuwar Alhamis ba ta jiran kowa. Amma ni ne babba, rabin kuɗin a wuyana yake.

Ta turo mini farashi kala biyu. Ɗaya ɗaki ne mai baranda irin na kowa. Ɗayan na sashen manya ne, kuɗinsa ya kusa ninka na farko. Wai akwai falo na daban da sai da kati ake shiga, da wurin cin abinci nasu su kaɗai, da hadimi mai zuwa ɗaki, da wani tebur da ake zuwa a ce a shirya maka kaza da kaza.

Baba ya haura saba'in, gwiwa ta matsa masa, ga ciwon suga. Tsayuwa a layi ba tasa ba ce. Inna kuwa ko gaban surukinta ba ta kai loma baki, balle gaban dubban mutane. Dukansu ba wanda ya taɓa hawa ruwan da ya wuce na fito a kogin Haɗeja. Don Allah wannan ƙarin kuɗin yana sayen wani abu na gaske, ko suna ne kawai?

Ɗan_Kura_a_Teku

Wa'alaikumus salam, Yaya. Na yi aikin raba abinci a irin waɗannan jirage, har an taɓa ajiye ni a ɗakin abincin sashen manyan, don haka bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki.

Kusan kowane babban kamfani yana da nasa. MSC suna kiran nasu Yacht Club, sun fara shi a 2008 a jirgin MSC Fantasia. Norwegian suna da The Haven, Celebrity suna da The Retreat, na Aroya kuma Khuzama ake ce masa. Dalilin yinsa ɗaya ne: jiragen sun yi girman da cunkoso ya zama matsala. Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Shi kansa Aroya tsawonsa mita 335 ne, yana ɗaukar sama da mutum 3,000. To abin da ake sayar maka a sashen manya shi ne a raba ka da wannan taron.

Ka ga ranar shiga jirgi, mutane kan yi dogon layi a tasha da jakunkuna, a duba fasfo, a ɗauki hoto, a ba da kati. Ɗan sashen manya ƙofarsa daban, a zaunar da shi a ba shi abin sha, hadimi ya zo ya raka shi har ɗaki. Haka ranar sauka, haka in jirgi ya tsaya nesa da gaɓa sai an shiga ƙananan jirage. Da safe kuma, wurin abincin ɗebi-da-kanka, za ka ga mutum riƙe da faranti yana zagaye neman kujera. A sashen manya, can sama, babu wannan. Masu hidimar ba sa canzawa, kwana ɗaya sun gane wannan dattijon ba a sa masa suga a shayi, ba sai an sake faɗa ba. Ga mai ciwon suga wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fa ka buɗe ido a kan abin da aka cusa cikin farashin. A Yacht Club na MSC kuɗin ya haɗa da abin sha ba iyaka, kuma mafi tsadar abin shan nan giya ce. Bature yana lissafin kofunan da zai sha ya ga ya ci riba. Baba da zai sha shayi da ruwa da lemo, ya biya kuɗin abin da har abada ba zai taɓa ba. Haka wurin ninkaya na musamman da gadajen shan hantsi: a nan mutane ke kwanciya rabin tsirara, Inna ko leƙawa ba za ta yi ba. Wurin gasa jiki da tururi ma haka. In ka cire waɗannan, abin da ya rage muku shi ne tsallake layi, ɗakin abinci mai natsuwa, intanet, da hadimi. A Aroya lissafin ya ɗan bambanta, domin jirgin gaba ɗaya ba giya ba caca, abinci halal ne, akwai wuraren salla. Ka ga a can ko a ɗakin kowa-da-kowa an riga an ɗauke muku rabin damuwar.

Sai abu biyu da 'yan talla ba sa faɗa.

Na farko, wurin da ɗakin yake. A jiragen MSC sashen manya yana can gaba ne, a benaye na sama, saboda kyan kallo. Nan ne kuma jirgi ya fi rausaya in teku ta motsa. Inda ya fi zama daram shi ne tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa. Na sha ganin wanda ya biya maƙudan kuɗi ya kwana yana jiri da amai, na ƙasa da shi mai ɗakin araha yana ta minshari. Dattijon da bai saba ba, ni tsakiya zan kai shi, kusa da lifta. Kowane jirgi aka zaɓa, a ce ƙanwarka ta buɗe taswirar benayensa ta ga inda ɗakin ya faɗa kafin ta biya.

Na biyu, katin ƙofar na wanda ya kwana a sashen ne kaɗai. In aka sa su Baba a sama, ita da mijinta suka kama ɗakin ƙasa don rage kuɗi, a yawancin jirage ba za ta zauna da su a falon ba, ba za ta ci abinci da su a can ba. Dattawa biyu da ba sa jin Turanci ko Larabci, an bar su da hadimi ɗan Indonesiya ko Filifin, da wane baki za su ce masa ga abin da suke so? Ko dai duk ku huɗun a sama, ko duk a ƙasa.

A kuma kula da sunaye. A Celebrity akwai ɗakunan da ake kira Concierge Class, mutum ya ɗauka ya shiga sashen manya, alhali ɗaki ne mai baranda da 'yan ƙananan ƙari, ba ya buɗe ƙofar The Retreat. A karanta abin da aka lissafa, kada a bi suna.

Hajiyar_Ɗambatta

Ɗana na Kura ya yi bayani, Allah ya yi albarka. Amma ya yi maganar Baba ya ɗan manta da Inna, to ni ita zan tsaya wa.

Na hau irin jirgin nan da maigidana da yayata, kuma a sashen manyan muka zauna, ɗanmu ne ya biya. Yayata irin Innarku ce sak, mai kunya, ga ta ba ta son hayaniya. Wallahi da a ƙasa muke, da yunwa za ta dawo gida. Na sauka na ga wurin cin abincin jama'a da idona: kiɗa, yara na gudu, maza da mata kafaɗa da kafaɗa. A sama kuwa muka roƙi tebur na lungu, aka bar mana shi har muka sauka. Ranar da ba ta son fita, hadimin ya kawo abinci ɗaki ya shimfiɗa mana, muka ci a baranda muna kallon ruwa. Ya kawo mana butar dafa ruwa saboda kunun da muka taho da garinsa, ya karɓi mayafanmu aka goge. Alƙibla ma, tunda jirgi juyawa yake yi, kafin kowace salla sai ɗanmu ya duba a waya, intanet ɗin kuwa yana cikin kuɗin.

Duk wanda ya yi aikin Hajji ya san bambancin Tantin A a Mina da sauran tantuna. Ibada ɗaya ce, amma tsoho ya san inda ƙafarsa ta huta. Malam Mai Riɗi, in Allah ya hore, iyaye ba kullum za a samu damar yi musu irin wannan ba.

Teburin shirya-mini-kaza ɗin nan dai, gaskiya sau ɗaya muka je, da za a nemo mana mota a gari. Shi an yi shi ne don masu son a kama musu kujera a wurin wasanni da gidajen abinci na ƙarin kuɗi. Mu bayan Isha'i barci muke.

Manomin_Rani_Auyo

Ni fa duk ban gane ba. Umara na ji, wannan ibada ce. Amma a ɗauki kuɗin da zai kafa famfon sola a fadama a ba wani ya riƙa buɗe maka ƙofa? Alhaji, ka tambayi Baban ma kuwa? Na tabbata in ya ji adadin, cewa zai yi a sayo masa shanun huɗa.

Mai_Riɗi_Maigatari

Malam na Auyo, ka san halin tsoffinmu kamar a gidanmu ka tashi. Shi ya sa ba a gaya masa adadin ba, kuma ba za a gaya masa ba. Mutumin nan shekara hamsin yana noma yana ciyar da mu, bai taɓa kwana wani wuri don hutu kawai ba. Tafiyar an gama maganarta. Abin da nake ƙi shi ne in biya kuɗin abin da ba zai amfane shi ba.

Hajiya, na gode ƙwarai. Abincin ɗakin nan da kika ambata, sai a sashen manya ake samu?

Mai_Biza_Kantin_Kwari

Alhaji, bari in amsa maka wannan, aikina ne shirya wa mutane tafiye-tafiye. Kai abinci ɗaki akwai shi ga kowane fasinja a yawancin jirage, sai dai a ɗakin ƙasa zaɓin bai kai na sama ba, kuma wasu kamfanoni kan caji ɗan kuɗin kawowa. Bayan wurin ɗebi-da-kanka, kowane babban jirgi yana da ɗakin abinci na zama wanda yake cikin kuɗin tikiti, a kawo maka har tebur. Ranar farko ƙanwarka ta je wurin shugaban masu hidima ta roƙi tebur na mutum huɗu a gefe. Sau da yawa ana samu.

Maganar gwiwa kuma, akwai takardar masu buƙata ta musamman da ake cikewa tun kafin tafiya. A rubuta cewa Baba yana buƙatar keken marasa lafiya wajen shiga da sauka, a rubuta ciwon suga, in allurar insulin yake yi a nemi inda za a ajiye ta a sanyi. In jirgin ba na Saudiyya ba ne, a nan ake neman abincin halal, kuma da wuri ake yi, makonni kafin ranar. Wannan duk ba sai ka sayi sashen manya ba. Da shi kaɗai an rage wahalar layin da kake tsoro.

Inda nake so ka sa kuɗinka tukuna shi ne inshorar lafiya ta tafiya. Asibitin cikin jirgi ba kyauta ba ne, ko kana sashen manya sai ka biya, kuma da tsada. Ka tambaya ko farashin da aka turo ya haɗa da kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane mutum a kowace rana, domin a wasu kamfanoni na ɗakunan manya ya fi yawa. Farashin kuma na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki, kada a yi kuskuren lissafi.

Sai biza, wadda ta fi komai kayar da mutanenmu. In jirgin zai tsaya a Sharm el-Sheikh ta Masar ko Aƙaba ta Jodan ya dawo Jidda, to an fita daga Saudiyya an sake shiga ke nan. Dole a tabbatar bizar su Baba ta yarda da shiga fiye da sau ɗaya, a kuma tambayi kamfanin a rubuce abin da mai fasfon Najeriya yake buƙata a kowace tasha. Ta Dubai kuwa wata bizar ce daban da kuɗin jirgin sama daban. Ba a sayen tikiti sai an gama wannan.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, ga wata hanya da za ta yi maka daɗi. Kamfanoni irin su MSC da Royal Caribbean da Norwegian, in ranar tashi ta matso ɗakunan sama ba su cika ba, sukan aiko wa masu tikiti saƙo su taya. Ka faɗi abin da za ka ƙara, in sun sallama a ɗaga ka, in ba su sallama ba kana nan a ɗakinka ba ka yi asarar komai ba. Sai dai in sun karɓa ba ja da baya, kuma ba kai ke zaɓar inda ɗakin yake ba. Ga ku da ɗaki biyu, ana iya ɗaga ɗaya a bar ɗaya, ku faɗa cikin abin da ɗan Kura ya yi gargaɗi a kai.

Mai_Riɗi_Maigatari

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi waya da ƙanwata daren jiya, na karanta mata bayananku ɗaya bayan ɗaya. Dubai dai mun ajiye ta, mijin nata ma da ya ji maganar biza ta biyu da kuɗin giya bai ja ba. Jidda za su tashi.

A kan sashen manya ba mu daidaita ba tukuna. Ni na tsaya a kan ɗaki biyu masu baranda, jere da juna, a tsakiyar jirgi kusa da lifta, a cike takardar keken, a sayi inshora, ragowar kuɗin a ƙara musu kwana a Madina. Ita kuma maganar Hajiya ta shige ta, ta ce Inna ce abin dubawa, kuma in na ƙi ita za ta cike gibin daga albashinta. Na ce ta fara turo mini taswirar benen da farashin mutum huɗu cif, ba na biyu ba, sannan mu yi magana.

Ɗan Kura, saura tambaya ɗaya. Maganin jirin nan da ake sha kafin a hau, a kemis ɗin Jidda za ta saya ko a cikin jirgi ake bayarwa? Kuma ka taɓa ganin mai ciwon suga ya sha, ko sai ta fara nuna wa likitansa na Gumel?