A taimaka min da Hausar "startup" kafin Juma'a

Hadiza Mai Shiri: Assalamu alaikum. Ranar Juma'a ina da shiri a rediyo kan matasan da ke kafa kamfanonin fasaha, editana kuma ya ce kada ya ji "startup" a bakina. Na rubuta "sabon kamfani" ya soke. Gobe da la'asar zan miƙa rubutun, malamai a agaza.

Abba Manhaja: Wa alaikumus salam. Gara da ya soke, Anti Hadiza. Wanda ya buɗe gidan burodi jiya ma ai sabon kamfani gare shi. Mu abin da muke yi daban ne. Manhaja ɗaya ake ginawa, wadda za ta yi wa mutum dubu aiki yau, gobe ta yi wa miliyan, ba tare da an ninka ma'aikata haka ba. Kuɗin kuma ba bashi ba ne. Mai zuba jari wani kaso na kamfanin yake karɓa, ya kuma san kuɗinsa na iya tafiya gaba ɗaya. Sai a yi shekaru ana ci daga jarin, babu riba, ana dai neman jama'a. Ki duba Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet: Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa shi a 2015, a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi kan sama da dala miliyan 200. Kalmar da ba ta nuna wannan saurin girman ba, ba ta yi ba. Ni "kamfani mai tasowa" nake cewa.

Maman Ilham: Kamar "ƙasashe masu tasowa" ke nan? Tun ina firamare suke tasowa, har yanzu ba su miƙe ba.

Barista Sani: Hajiya, ki sani akwai doka a kai. Buhari ya sa mata hannu a watan Oktoba na 2022. Kafin NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta ba kamfani shaidar cewa shi "startup" ne, dole kada ya wuce shekara 10 da rajista, aikinsa ya zama na fasahar zamani, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarin ya kasance na 'yan Najeriya da suka kafa shi. Don haka ki sa "fasaha" a ciki.

Malam Tanimu: Duk kun kauce hanya. "Kamfani" kansa Turanci ne. Don me za a fassara Turanci da Turanci? Na daɗe da ba ɗalibaina kalma: TSIRO. Iri ne aka binne, ya fasa ƙasa, ko ya yi yabanya ko rana ta ƙone shi. Jam'insa tsirrai. Mai kafa shi, mai tsiro. Kuɗin farko da ake ba shi, iri. Komai ya zauna daram.

Abba Manhaja: Allah gafarta Malam, in na tsaya gaban masu kuɗi na ce ni mai tsiro ne, wajen mai maganin basir za su tura ni.

Malam Tanimu: To a ce "tsiron sana'a". Ku yaran nan kunyar harshenku kuke ji, shi ya sa komai abin dariya ne a wurinku.

Barista Sani: Malam, "sana'a" fa Larabci ce. "Fasaha" ma haka. In za a kori baƙi, a kore su duka.

Malam Tanimu: Larabci ba baƙo ba ne a gidan nan, Barista. Ya riga kakanka zama.

Issoufou Damagaram: Ina gaisuwa. Malam, Faransawa sun riga ka. Sun ƙirƙiro "jeune pousse", wato ɗanyen tsiro, don su kori kalmar Ingilishi. Amma ka je CIPMEN a Yamai, inda ake renon irin waɗannan kamfanoni, ka saurari matasa. "Start-up" za ka ji.

Malam Tanimu: Alhamdu lillahi. Ashe har Faransawa sun yarda da ni.

Issoufou Damagaram: Ba haka na ce ba. Kuma wani abu: kullum ku 'yan Najeriya kuke yanke kalma ku turo mana, kamar Hausa a Kano aka yi mata rajista. Mu ne fa muka mai da ita harshen ƙasa a 2025. Ku har yanzu da Turanci kuke rubuta dokar da Barista ya kawo.

Maman Ilham: Ai kuwa sai ku fara daina ce wa makaranta "lakwal".

Abba Manhaja: Ni fa da za a bi tawa, a rubuta "sitatof" a huta. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" ta yi shekaru a littattafai, a kasuwar Farm Centre kowa "kwamfuta" yake cewa.

Malam Tanimu: "Yanar gizo" fa? Ba ta kama bakin mutane ba? Da irinku aka bari, da ba a haife ta ba.

Hadiza Mai Shiri: Don Allah a yi haƙuri, lokaci nake bi. Masu saurarona har da 'yan Kantin Kwari, in na ce "tsiro" za su ɗauka shirin noma ne, "sitatof" kuma edita ba zai bari ba. A farkon shiri zan ce "kamfanin fasaha mai tasowa", in yi bayanin Abba a taƙaice, daga nan sai "irin waɗannan kamfanoni". Amma Malam, "iri" ɗin nan ya yi min. Zan ce "jarin iri" ga kuɗin farko.

Malam Tanimu: Kin ɗauki iri kin bar tsiro. To, Allah ya ba da sa'a. Kalma huɗu a madadin ɗaya dai ba fassara ba ce, bayani ne. Ni a ajina tsiro zan ci gaba da cewa.

Abba Manhaja: Anti, baƙon da kika gayyata fa? Kin gaya masa kada ya ce "startup"?

Hadiza Mai Shiri: Shi ba ma'aikacinmu ba ne, edita ba shi da iko da bakinsa.