Shifta ga rukuni uku a darasi ɗaya ta gagare ni

Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da Hausa a aji uku na wata firamare a birnin Kano, ɗalibaina 68. Na raba su rukuni uku: masu koyon haɗa baƙi da wasali, masu rikita ƙ da k har su rubuta "kofa" maimakon "ƙofa", da waɗanda suka kai ga raba kalmomi. Kowane rukuni da kalmominsa, amma da zarar na fara yi wa ɗaya shifta sai sauran su ɓarke da surutu, lokaci kuma ya ƙare ban kai ga na uku ba. Na naɗa shugabannin rukuni, sai suka koma faɗa wa 'yan'uwansu amsa. Wane aiki zan ba sauran rukunin biyu yayin da nake tare da ɗaya?