Uchendu da shirwa: yaya ake nazarin dattijon nan ta hanyar halittu?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan Uchendu ce, kawun Okonkwo, tauraron littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe (1958). Ana so a fito da hikimarsa ta hanyar alamci da halittu, wato ruwa, ƙasa, tsuntsaye. To littafin cike yake da fara da doya da wuta. Wanne ne nasa, wanne ne ba nasa ba?

Mai Nazari:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Fara da rage fili. Uchendu ba ya bayyana sai da aka kori Okonkwo daga garinsu Umuofia zuwa Mbanta, garin mahaifiyarsa, na shekara 7, saboda haka aikinki yana babi na 14, 15 da 19. Ki ja layi uku a takarda: abin da ya fito daga bakinsa, abin da ya ratsa ta hannunsa, da abin da marubuci ya ajiye kusa da shi. Na farko ya fi ƙarfin hujja, na uku ya fi rauni.

Ta hannunsa, ƙasa ce. Laifin Okonkwo ga Ani ne, abar bautarsu ta ƙasa, tunda bindigarsa ta kashe ɗan Ezeudu, wani dattijon garinsu, bisa kuskure. Da ya iso Mbanta sai aka yanka masa filin gida da gonaki biyu ko uku, 'ya'yan Uchendu maza su 5 kowa ya kawo irin doya 300. Lissafa, 1,500 ke nan. Kuma Uchendu ne ya karɓi gawar mahaifiyar Okonkwo shekara 30 kafin nan, aka binne ta a wannan ƙasa. Don haka da ya tsare shi da tambaya a kan sunan Nneka, mai nufin uwa ce mafificiya, ba maganar fatar baka yake yi ba. Ƙasar da ta hukunta a Umuofia ita ce ta yi renon a Mbanta, ta hannun dattijon.

Fara da wuta kuwa, bar su. Wuta ta Okonkwo ce, maganar fara a babi na 15 kuma Obierika, abokin Okonkwo, ne ya kawo ta.

Baba Malam:
Bari in tsaya kan shirwa, don a nan ɗalibai suka fi zamewa. Da Obierika ya ba da labarin yadda Turawa suka shafe garin Abame bayan an kashe wani Bature a can, Uchendu ya kawo tatsuniya: 'yar shirwa ta suro ɗan agwagwa, uwar agwagwa ba ta ce uffan ba, sai uwar shirwa ta ce a mayar, shirun nan akwai abin tsoro a bayansa. Ta suro ɗan tsako, kaza ta yi ta kururuwa da tsinuwa, aka ce wannan a ci.

Da yawa sai su rubuta cewa shirwa Bature ce, tunda ita ce mai sura. Kuskure ne. Bi aikin, kada ki bi kama. Wa ya kai hari da farko? Mutanen Abame, su suka kashe Baturen suka ɗaure kekensa jikin itacensu na tsafi. Su ne 'yar shirwar da ba ta mayar da ɗan agwagwa ba. Hikimar Uchendu a nan ita ce ya ga mai ƙarfin yau yana iya zama abin farautar gobe, kuma shiru ma magana ce.

Sai wani abu da nake ganin ya fi komai daraja. Tun kafin tatsuniyar, da wani abokin tafiyarsa ya ce Baturen bai ce komai ba kafin a kashe shi, Obierika ya gyara zancen a wurin: Baturen ya yi magana, ba a dai fahimce shi ba ne, har wani ya ce yana ta nanata kalma mai kama da Mbaino, sunan wani gari. Ashe tatsuniyar ba ta zauna daram ba. Ki rubuta wannan. Dattijon yana auna sabon abu da tsohon mudu, kuma nuna iyakar hikimarsa ba rage masa daraja ba ne.

Mai Nazari:
Haka ne Baba. Ƙari kaɗan a kan ruwan babi na 14, mai zuwa da ƙanƙara bayan wata biyu ko uku ana ƙwallar rana. Ki ambace shi a matsayin share fage kawai, kada ki ce Uchendu ne ruwan. Bayan saukarsa ma an kamanta Okonkwo da kifin da aka jefo kan busasshen rairayi, wato ruwan sama bai wanke masa baƙin ciki ba, sai da kawunsa ya zaunar da shi ya faɗa masa cewa shi 'ya'ya 22 ya binne.

A babi na 19 kuma, wajen fasa goro, Uchendu ya ce dabba jikin itace take gogawa in tana jin ƙaiƙayi, mutum kuwa ɗan'uwansa yake kira ya sosa masa. Lura, a nan bambanta mutum da dabba ya yi, ba kamanta su ba. Ki ware masa sakin layi nasa daban, kada ki cusa shi cikin na shirwa.